Kasetocin Eriya Dubu da Ɗari Biyu

Shagona na aski da shagonsa na gyaran rediyo bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na katako. Shekara talatin da ɗaya muka yi a haka. In ya yi atishawa ina ce masa sannu ba tare da na ɗaga hannu daga kan da nake aski ba. Ya rasu wata huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuma 'yarsa ce ta ce in rubuta abin da na sani game da shi tun ban fara mantawa ba. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗa yadda ya zo mini.

Eriya ake ce masa, saboda tsawo da rashin jiki. Ni kuma yana ce mini Aska. Matarsa kuwa Inna kowa a layinmu yake ce mata, har shi. 'Yarsu ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya, mun fara kiranta Nas tun kafin ta gama makaranta.

Mutum ne marar yawan magana, mai tsafta a aiki, amma ba ya zubar da komai. Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wajen wani mai gyara ba. Duk rikodar da ya gyara, ba ya miƙa wa mai ita sai ya gwada ta a gabansa. Zai jawo aljihun tebur, ya ɗauko kaset nasa na kansa, ya saka, ya danna jan maɓalli, ya ce, "Yi magana."

"In ce me?"

"Faɗi abin da ka karya da shi, ko ka zagi mai gidan hayarku. Rikoda ba ta kai ƙara."

Mutum zai yi dariya, ya yi magana na minti ɗaya ko biyu, Eriya ya mayar baya ya kunna masa. Sauran masu gyara kaset ɗaya suke maimaitawa har ya tsinke. Shi ba ya ɗora murya a kan murya. In kaset ya cika sai ya rubuta wata da shekara a jikinsa, ya jefa a kwali, ya ɓare sabo. A haka muryoyin layinmu na shekara ashirin da wani abu suka taru a wajensa: mai facin taya, mai shayi, malamar firamare da ke kawo rikodar ajinta duk zango, yaran da yanzu sun yi furfura. Ban da waɗannan yana ɗaukar sharhin ƙwallo daga rediyo, da karatun Nas lokacin tana koyon haɗa baƙi, da Inna tana faɗa a kan ya sake kawo tarkace gida. Daga baya mutane suka riƙa bar masa kasetocin bidiyonsu da suka rasa abin kunnawa, shi kuma ba ya cewa a'a.

Akwai wasu guda ashirin da biyu da ya ware a cikin wani akwatin takalmi. Na ƙaninsa ne, Auta. Auta ya tafi aikin jirgin ruwa yana ɗan shekara ashirin da huɗu, kuma da yake rubutu yana ba shi wahala, sai ya riƙa aiko da kaset maimakon wasiƙa. Shekara tara yana aikowa. A ta goma aka aiko da jakarsa da takarda. Can aka binne shi.

Kasetocin gaba ɗaya sun kai dubu da ɗari biyu. Sun cinye ɗaki guda a gidansa, ɗakin da Inna ta daɗe tana so ta sa keken ɗinkinta. Ɗakin kuma yana da danshi. Wata rana ya zo mini da kaset a hannu, ya zaro zaren kaɗan da bakin biro, ya nuna mini wani fari-fari da ya hau kai.

"Ka ga wannan? Fumfuna ce. Ta fara cin su."

A shekarar ne Nas ta ba shi tsohuwar laftof ɗinta. Ya haɗa waya da kansa daga rikoda zuwa kwamfutar, wata ma'aikaciyar ofis da ke kawo masa gyara ta nuna masa inda ake dannawa, shi ke nan ya kama. Aikin ba ya sauri. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya zai ci, ba yadda za a yi a tura shi. Kullum yana zuwa shago da guda uku a aljihun riga, ya saka ɗaya ya ci gaba da narka dalmarsa, in ya ji ƙarar tsayawa ya juya ɗaya gefen. Wanda ya gama juyewa sai ya fitar da shi daga gida, domin haka suka yi da Inna: kwali ɗaya ya shiga kwamfuta, kwali ɗaya ya bar mata wuri. Yawancinsu ma ba su da sauran amfani, juyewa ɗaya zaren yake iya ɗauka. Na Auta ya fara da su, don su suka fi lalacewa.

Shekara biyu abin yana tafiya lafiya. A ta uku layin da ke nuna cikar kwamfutar ya koma ja.

Daga nan rayuwarsa ta zama neman wuri. Ya cire wasannin da suka zo da kwamfutar, ya cire hotunan makarantar Nas bayan ya tura mata. Ya samu wurin kaset goma sha wani abu. Ya fara tara filash, yana manna musu takarda, yana zubawa a gwangwanin madara. Duk wanda ya kawo masa wayar da ta mutu, sai ya tambaya ko akwai memori a ciki da ba a so. Ni kaina na ba shi biyu. Bidiyon mutane su suka fi cin wuri, ɗaya yana cinye gurbin kaset goma, amma bai yarda ya taɓa su ba. Ya ce ba nasa ba ne balle ya yanke musu hukunci.

Nas ta ce masa akwai yadda ake matse sauti ya koma ƙarami, goma su zauna a wurin ɗaya. Ta matse masa guda don ya ji. Ya sa abin ji a kunne, ya saurari na asali, ya saurari matsattsen, ya cire.

"Ina fankar?"

"Wace fanka, Baba?"

"A na farkon ana jin fankar shagon tana juyawa a baya. A wannan ta koma kamar ana soya abu. Mayar mini da kayana."

"Baba, muryar mutum kake ajiyewa ko fanka?"

"Duka biyun suna wurin ranar."

Ta ce to a ɗora su a intanet, akwai masu ajiya. Ya ce shi ba zai kai muryar matarsa ɗakin mutumin da bai san fuskarsa ba. Inna da ke tsaye tana jin su ta ce, "Kai su mana, ko na huta. Ai faɗa ne kawai a ciki."

Wata rana ɗaya daga cikin filash ɗin ya ƙi buɗewa. Sharhin ƙwallo ne a ciki, na kusan shekara biyu. Ya jujjuya shi, ya goge bakinsa, ya hura, bai tashi ba. Daga ranar ya daina yarda da filash. Duk abin da yake ji da shi ya mayar cikin kwamfutar, wadda dama ba ta da wurin numfashi.

Dole in yi bayanin kwandonsa, don in ba haka ba abin da ya biyo baya zai zama kamar wauta, kuma shi ba wawa ba ne. A ƙarƙashin teburin aikinsa akwai wani babban kwandon roba. Duk abin da ya cire daga rediyo nan yake jefawa: sifika mai tsage, maɓalli, guntun waya, ƙaramin inji. Wanda bai sani ba zai ɗauka shara ce. Amma ba a taɓa zubar da kwandon nan ba. In aka kawo tsohuwar rediyon da ba a samun kayanta, zai durƙusa ya tona, ya fito da abin da ya jefa shekara bakwai baya. Wani sabon mai shara ya taɓa ɗaga shi zai fita da shi, ranar na fara jin Eriya ya ɗaga murya.

Da ya ga hoton ɗan kwando a fuskar kwamfuta, sai ya ƙwanƙwasa mini bango.

"Aska, zo ka ga masu hankali. Har kwando sun sa mini."

Ya gwada a gabana. Ya ja wani abu ya jefa a ciki, ya ɓace. Ya buɗe kwandon, ga shi nan kwance. Ya fito da shi, ya koma mazauninsa. A wajensa magana ta ƙare. Ba wanda ya gaya masa cewa a wajen masu kwamfuta abin da ke cikin kwandon nan an riga an yafe shi, kuma shi bai tambaya ba, don ya ga da idonsa yana aiki.

Akwai ranar da yake neman wani abu, shagonsa da mutane uku suna jira, hannunsa ya kuskure ya danna ɗaya daga cikin na Auta. Sifikar shagon a haɗe take. Har ta bango na ji: "Yaya, ina gaisuwa, ka gaida Inna, ka ce wa Aska har yanzu ban sami mai aski kamarsa ba, duk kaina sun ɓata." Ya kashe da sauri. Ya fita bakin titi ya tsaya yana kallon motoci, masu jiran suna kallon juna. Bayan sun tafi na leƙa, na tarar yana jan na Auta ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a ɗan kwandon.

"Me kake yi?"

"Ina ɗauke su daga hanya. In na shirya zan fito da su."

Na ce masa ya kyauta. Ni ma a lokacin abin da na sani ke nan.

Ciwon ya fara masa da kumburin ƙafa. Nas ta kai shi asibitin da take aiki, aka ce zuciya ce, aka ba shi magunguna da dokoki. Ya daina ɗaukar rediyo mai nauyi, ya daina hawa benci ya ɗauko abu a sama. Damina kuma ta shigo da ƙarfi, rufin ɗakin kasetocin ya fara ɗiga. Saura ɗari da casa'in a lokacin, kwamfutar kuwa ko rabin kaset ba ta karɓa. Yakan zauna da guda uku a aljihu har yamma, ya mayar da su gida yadda ya kawo su.

"Su suna ruɓewa, ni ina ruɓewa," ya ce mini wata rana ina rage masa gemu. "Ban san wa zai riga wani ba."

"Rufe baki kada in yanke ka."

Nas ce ta sayo babban faifan ajiya, wanda zai ɗauki ninki huɗu na wanda ke ciki. Ta ce a kai wa wata mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwa, ana ce mata Injiniya. Ni na raka shi, don ba a barinsa ya yi tafiya shi kaɗai. Shagonta a hawa na biyu yake, sai da muka tsaya sau biyu a matakala. Mace ce da ta kai arba'in, da tabarau a goshi, teburinta a share, kowane sukudireba a gurbinsa. Eriya ya kalli teburin ya ce mini a hankali, "Wannan ta san aiki."

Ya ajiye mata kwamfutar, ya juye gwangwanin filash a kan tebur. Ta duba, ta kalle shi.

"Baba, gidan rediyo kake da shi?"

"Mutanen layinmu ne."

"Duka? Allah ya sa suna biyan haya."

Ya yi dariya har da tari. Ta yi masa bayani dalla-dalla: za ta sa sabon faifan, ta kwashe masa kayansa duka a kai, har da na filash. Sannan ta ce bai kamata abu irin wannan ya zauna a wuri ɗaya ba. Tsohon faifan yana da rai, za ta wanke shi daga tarkacen kwamfuta, ta sa shi a ɗan gida, ta zuba masa kwafi na biyu gwargwadon abin da zai ɗauka.

"Amma sai kin kwashe komai tukuna," ya ce.

"Komai. Folda bayan folda, sai na gwada adadinsu ya yi daidai. Akwai wani wuri da kake ajiye abu ban da waɗannan?"

"Duk yana ciki."

Gaskiya ya faɗa. Ita ma ta yi abin da ta ce. Ina zaune a wurin da hulata a gwiwa, kwandon bai zo mini a rai ba ko kaɗan.

Bayan kwana biyu muka koma muka karɓa. Layin ya koma shuɗi, ɗan guntu ne kawai a gefe, sauran duk fili. Ban taɓa ganin Eriya yana murna irin ta ranar ba. A mota ya rungume jakar kwamfutar a ƙirji. Da muka iso ya saya wa duk wanda ke bakin shago lemo, ya saka kaset tun kafin ya cire takalmi.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa bango. Ba irin ƙwanƙwasar da ya saba ba ce, sau ɗaya ce. Na bar mutum da rabin aski na shiga. Ya juyo mini da kwamfutar. Ya buɗe ɗan kwandon, ba komai a ciki, fari fat.

"Wataƙila ta sa su wani wuri," na ce.

Muka koma. Wannan karon bai tsaya a matakala ba, sai da na riƙe masa hannu. Injiniya ta saurare shi har ya gama, ta sauke tabarau daga goshi ta riƙe a hannu.

"A kwandon shara ka ajiye su?"

"A kwando."

"Baba, wannan wurin abin da aka goge ne. Ba a kwashe shi."

"Ban goge ba. Ajiyewa na yi."

Ta ce ya ba ta tsohon faifan. Ta gaya masa tun kafin ta fara cewa kada ya sa rai, domin ta riga ta zuba sabon abu a kan gurbin tsohon har ya kusa cika. Duk da haka kwana uku ta yi tana nema. Abin da ta fito da shi guntaye ne: ƙarar iska, rabin waƙar talla, wata murya da ba ta Auta ba tana tambayar farashin batir. Ta ba shi haƙuri ya fi sau biyar. Ya ce mata, "'Yata, kin tambaye ni, na ba ki amsa. Ba ki da laifi." Muka kama hanyar dawowa. Da muka kusa ya ce, "Kasetocin Auta ma na zubar da hannuna. Shekara huɗu ke nan."

Mako uku bai taɓa kwamfutar ba. Yana zuwa shago, yana gyara ɗan abin da aka kawo, yana shan magani a kan lokaci. Inna ta zo wajena da kanta, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Aska, abokinka ba ya cin abinci. In don ɗakin ne, ka gaya masa na fasa. Ya mayar da kwalayensa."

"Ba ɗakin ba ne, Inna."

"Na sani. Amma shi kaɗai nake da shi da zan bayar."

Abin da ya tashe shi wani tunani ne da ya zo masa. Kafin Auta ya tafi jirgin ruwa yakan zauna a shagon, wani lokaci ya yini. Kwalin da ya rage kuwa na tsofaffin shekarun ne, don ya bar su a ƙarshe saboda suna can ƙasa. Ba mamaki a ce wata rana ana gwajin rikoda Auta yana wurin, ya sa baki, ko ya yi dariya.

Daga nan yadda yake aikin ya canza. Da yakan saka kaset ya ci gaba da harkarsa. Yanzu sai ya zauna da abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe, hannu a kan gwiwa, ba ya karɓar gyara sai kaset ya tsaya. Wasu zaren yana tsinkewa, ya buɗe da ƙaramin sukudireba, ya manne da siririn salatif, ya nannaɗe da biro. Ya sami abubuwa da yawa. Ya sami mahaifina yana cewa rikodar ba ta gyaru ba tun kafin a kunna masa, ya kira ni na ji, na koma shagona na rufe ƙofa na ɗan lokaci. Ya sami Inna tana amarya tana jin kunyar magana. Auta bai fito ba.

"Yau fa?" nakan tambaya ta bango.

"Mai faci ne da surutunsa. Gaba da baya."

Wata biyar ya yi a haka, ya juye ɗari da sittin da ɗaya. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga, numfashi ya fara yi masa wuya ko a zaune. Ranar da Nas ta ce sai an kwantar da shi, ya ce a ba shi awa ɗaya. Ya zaunar da ni a kujerarsa ya nuna mini: nan za ka danna, sai wannan, ka jira layin ya fara rawa kafin ka saki kaset. Ya sa na yi sau uku a gabansa.

"Hannunka yana rawa kamar ba mai aski ba."

"Kai nawa na yanka a shekara talatin?"

"Ba a ƙirga ba. Saura ashirin da tara. Kuma ka saurara, kada ka saka ka tafi kana hira."

Kwanansa goma sha ɗaya a asibiti. Kullum da yamma in na rufe shago ina zuwa, tambayar farko ita ce nawa na yi, ta biyu ita ce ko na ji wani abu. Biyu nake iya yi a rana, wani lokaci ɗaya, saboda ba na iya aski da abu a kunne. Na gama goma sha shida yana da rai. Ya rasu ranar Talata da safe, Inna da Nas suna wurin, ni ina hanya.

Bayan kwana goma na ɗauko rikodar da kwamfutar na dawo da su shagona, na ci gaba. Na yi a hankali, don na san in sun ƙare ba sauran abin da zan yi masa. A na ashirin da shida, gefen baya, malamar firamare tana ƙirga ɗaya zuwa goma don gwaji. Tana kaiwa bakwai sai wani ya yi dariya daga can baya, ya ce, "Malama, kin tsallake shida." Shi ke nan. Bai kai daƙiƙa uku ba.

Na mayar baya ya fi sau ashirin. Wani lokaci in ce Auta ne, wani lokaci in ce ba shi ba ne. Auta abokin wasana ne, na yi masa aski tun yana saurayi, amma shekarun sun yi yawa, kuma na gane cewa abin da nake riƙe da shi fuskarsa ce da tafiyarsa. Shekarar da ke jikin kaset ɗin ta goge, ba a gane lambar ƙarshe. In huɗu ce yana gari, in tara ce ya riga ya tafi.

Na gama sauran ukun, na kai kwamfutar gidan. Inna tana ɗakin da kasetocin suke a da, keken ɗinkin yana jikin taga, an gyara rufin. Na sa mata abin ji a kunne, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta saurara, ta ce in sake. Na sake sau uku.

"Kamar Auta," ta ce. "Kuma kamar ɗan mai facin nan da ya koma garinsu. Dariyarsu iri ɗaya ce." Ta cire ta miƙo mini. "Da abokinka ne, da ya sani tun daga harafin farko."

Nas ba ta riƙe muryar baffanta ba, tana shekara uku ya tafi. Ta saurara ita ma, ta ce a bar shi yadda yake, kada a rubuta sunan kowa. Ta kai kwamfutar wajen Injiniya aka yi kwafi biyu, ɗaya yana wajenta, ɗaya yana wajen Inna a cikin akwatin kaya. Mutanen layin sun fara zuwa suna tambayar muryoyin iyayensu, tana tura musu a waya ranar da ba ta da aiki. Ta ce mini da aka zuba komai, har da ashirin da taran da na juye, faifan ko rabi bai kai ba.